Wai bagaruwa tana kashe birus ɗin hanta? Daga zauren 'yan Ader

Rakiya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawararku, wanda ya sani ya yi magana, wanda bai sani ba ya taya mu da addu'a. Ƙanena, shekararsa 27, ya je ba da jini nan Tawa saboda matar abokinsa da ta haihu. Da aka auna sai aka ce ba za a ɗiba ba, yana da epatit B, wato ciwon hanta da birus ke kawowa. Shi kuwa garau yake, idonsa bai yi rawaya ba, kullum yana bisa kabu-kabunsa. Tun da Inna ta ji hankalinta bai kwanta ba, kuma duk wanda ya shigo gaisuwa da abin da yake riƙe da shi: wannan jiƙon bagaruwa, wancan saiwar rawaya, wata ta kawo geron tsuntsaye. Jiya aka turo mana bidiyo, wani mutum da farar riga yana cewa masana sun tabbatar bagaruwa tana kashe birus ɗin hanta. Likita ya rubuta awon jini da hoton ciki, kuɗin ba kaɗan ba ne. Inna ta ce tunda maganin ga shi a bakin gulbi, mi ya sa za a zubar da kuɗi? Ni na rasa abin da zan ce mata.

Alhaji Mamman: Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ba shi lafiya. Innarku ba ta yi ƙarya ba. Ina saurayi na yi shawara a Madawa, idona kamar kwaiduwa, fitsari kamar shayi. Saiwar rawaya tsohuwata ta jiƙa mini, sati uku na miƙe. Yau shekara arba'in ba ta dawo ba. Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma mafi yawansa yana daji.

Ibrahim ɗalibi: Nima na ga bidiyon, sau uku aka turo mini. Bari Dokta Hadiza ta shigo, fanninta ne.

Dokta Hadiza: Salama alaikum. Yanzu na rufe farmasi, ku yi haƙuri. Yaya Rakiya, da farko ki kwantar da hankalinki, mutane da yawa suna rayuwa da epatit B har su tsufa, muddin ana bin lafiyar hantarsu.

Bidiyon nan akwai guntun gaskiya a ciki, shi ya sa yake da haɗari. Wajen shekarar 2000 wasu masu bincike na Sudan da Japan sun gwada itatuwan Sudan da yawa, da bagaruwa a ciki, suka ga ruwanta yana hana wani sinadari da birus ke aiki da shi wurin hayayyafa. To amma birus ɗin epatit C ne, ba B ba, kuma su biyun sunan rana kawai ya haɗa su, ba dangi ba ne. Sannan cikin kwalbar labo aka yi gwajin, ba cikin mutum ba.

Ku tuna mi majema suke yi da bagaruwa. Da ita ake jeme fata, don tana da wani abu mai bauri da ke liƙe wa duk abin da yake na tsoka ya ɗaure shi. Idan ka zuba irin wannan cikin kwalba tare da sinadarin birus, dole ya liƙe masa. Amma idan ka sha, da bakinka da hanjinka zai fara gamuwa, kaɗan ne ƙwarai zai shiga jini, balle ya kai cikin hanta inda birus ya ɓuya. Ruwan jabel ma yana kashe birus a kwalba, ba wanda zai ba ɗansa ya sha.

Alhaji Mamman: To Dokta ni da na warke fa? Mafarki na yi?

Dokta Hadiza: A'a Baba, ka warke da gaske, alhamdu lillahi. Abin da nake so mu duba shi ne wace shawara ce ka yi. Rawayar ido alama ce, abubuwa da yawa suna kawo ta: epatit A da E da ake ɗauka a ruwa da abinci, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, amosanin jini, toshewar hanyar matsarmama. Epatit A tana tafiya da kanta cikin 'yan makonni, ko an sha magani ko ba a sha ba, kuma ba ta sake dawowa. Ita ma B, idan babba ya ɗauke ta, kusan 95 cikin 100 jikinsu yana korar ta da kansa. Amma wanda ya ɗauka yana jariri, kusan 90 cikin 100 tana zama masa ta dindindin, tana kwance shekaru ba ciwo ba rawaya. Irin wannan ce ta fi yawa a ƙasashenmu, kuma ina kyautata zaton ita ce ta ƙanen Yaya Rakiya. Ka ga ciwonka da nasa ba lalle ne su zama ɗaya ba.

Malam Sule: Na yi shiru ina karantawa, amma dole in yi magana. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shekara hamsin yana ba da magani a ƙasar Ilela, ni ma a hannunsa na koya. Kullum in aka zo wannan zance, sai 'yan lakwal su ce kun warke ne da kanku. In mutum ya warke a hannunku magani ne, in ya warke a hannunmu sa'a ce. Wannan ba adalci ba ne. Maganin zazzaɓin da kuke sayarwa a farmasi, daga ina ya fito? Ba daga tazargade ba?

Ibrahim ɗalibi: Nan Malam Sule yana da gaskiya. Wata 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka fitar da artemisinin daga tazargaden Sin a 1972, kuma cikin tsoffin littattafan magungunan gargajiyarsu ta samu hanya. An ba ta kyautar Nobel a 2015. Sai dai zazzaɓin sauro ba birus ba ne. Amma ko a birus akwai misali. Tamiflu, maganin mura mai tsanani da aka amince da shi a 1999, a farkon fitowarsa ana haɗa shi ne daga wani sinadari da ake tatsa daga 'ya'yan wani itacen ƙamshi na Sin masu siffar tauraro, irin wanda suke sawa a miya. A 2005, da aka tsorata da murar tsuntsaye, har ƙarancin 'ya'yan itacen aka yi.

Malam Sule: Yauwa. Kun ji daga bakin ɗan lakwal.

Dokta Hadiza: Malam Sule, wallahi ban raina sana'ar mahaifinka ba, rabin abin da na karanta a makaranta itatuwa ne. Amma Ibrahim, ƙarasa labarin. Sinadarin da ke cikin 'ya'yan itacen nan shi kansa ba ya yi wa birus komi. Tubali ne kawai, sai an bi da shi ta matakai da yawa a masana'anta kafin ya zama Tamiflu. Ko buhu guda ka dafa ka sha, ba ka sha Tamiflu ba.

Akwai waɗanda suka fi kusa da itacen. Maganin shafawa na ƙurajen al'aura da birus ɗin HPV ke kawowa, podofilotoksin, daga saiwar wani tsiro ake samunsa, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma guba ne, ba a sha, ba a ba mai ciki. A 2006 Amurka ta amince da wani man shafawa na irin waɗannan ƙurajen, sunansa Veregen, daga ganyen shayi aka yi shi, wannan dai koren shayin da samari ke dafawa a fada. Kuma shi wannan sinadarin na shayi, idan aka tattara shi da yawa cikin kafso ana sha, an samu mutanen da ya lalata wa hanta. Abu ɗaya ne, a fata magani, a ciki da yawa cuta. Duk sirrin yana wurin nawa, ta ina, ga wa.

Rakiya: Dokta to geron tsuntsayen fa? Wadda ta kawo shi ta rantse ɗan ƙanwarta an sake awo ba a ga komi ba.

Dokta Hadiza: Wannan shi ne ya fi ba ni tausayi, don an sa masa rai ƙwarai. A 1988 aka buga wani bincike daga Indiya, cikin masu shi har da Baruch Blumberg, mutumin da ya gano birus ɗin epatit B, ya samu Nobel a 1976. An ba mutum 37 garin geron tsuntsaye wata guda, 22 alamar birus ta ɓace daga jininsu. Cikin 23 da aka ba ƙwayar da babu magani a ciki, ɗaya ne kawai. Duniya ta yi murna. Sai aka maimaita a wasu wurare, har da Tailan, abin bai fito haka ba. Da aka tattara gwaje-gwajen daga baya aka duba, ba a samu hujja mai ƙarfi cewa yana korar birus ba. Da ya yi aiki, da ni ce ta farko da za ta shuka shi bayan gida, don na san yawan mutanen da ke tsayuwa gabana da odonansi a hannu ba su da kuɗin saye.

Ɗan ƙanwar tata kuwa, mai yiwuwa yana cikin manyan da jikinsu ke korar cutar da kansa. Shi ya sa ake cewa a sake awo bayan wata shida.

Abdu na dabbobi: Ku ba ni wuri kaɗan daga Abalak. A 2016, lokacin da zazzaɓin Rift ya ɓulla wajen Cintabaraden da Tasara, ina cikin masu zagaye rugage. Tumaki da raƙuma suna ɓari, mutane sama da talatin suka rasu. Babu jiƙon da ba a gwada ba. Abin da ya taimaka shi ne a daina taɓa ɓarin dabba da hannu tsirara, a tafasa madara, a kai mai zubar jini asibiti da wuri. Amma ban ce itace banza ne ba. A Burkina an gwada ƙullutun da ke fitowa jikin sabara a kan birus ɗin da ke fesa wa kaji ƙuraje a fuska, kuma a labo ya rage shi. Sabara fa, wadda muke sharewa daga gona kowace shekara. Abin da ke ci mini rai, sai a fara irin wannan aikin a tsaya a nan, babu kuɗin ci gaba.

Malam Sule: Babu kuɗin ci gaba sai Bature ya zo ya ɗauka, ya sa a kwali, ya dawo mana da shi da tsada.

Ibrahim ɗalibi: Wannan kukan ma yana da tushe, Malam. Cibiyar binciken cutar kansa ta Amurka ta yi shekaru tana tattara itatuwa daga ƙasashe tana gwada su a kan birus ɗin sida. A dajin Korup na Kamaru suka samu wata kurangar daji mai wani sinadari, mishelamin B, da ya hana birus a labo. Da aka gwada a dabbobi sai aka ga gubarsa ta yi yawa, aka bar shi. A Sarawak ta Maleshiya kuma an ɗebi ganyen wani itace a 1987, aka samu kalanolid A a ciki, da aka koma neman ƙari sai aka tarar an sare itacen. Daga baya an haɗa shi a labo, an fara gwada shi a mutane, amma har yau bai zama maganin kasuwa ba. A ƙasar Samowa, masu maganin gargajiya ne suka nuna itacen da suke ba masu shawara, aka samu wani sinadari, prostratin, kuma aka yi yarjejeniya cewa in ya kawo kuɗi za a raba da ƙasar da mutanen ƙauyen. Irin wannan rubutacciyar yarjejeniya ya kamata masu magani namu su nema kafin su buɗe baki.

Abin da na lura, cikin ukun nan babu wanda ya zama maganin da ake ba majinyaci, duk da kuɗin Amurka.

Zainabu ungozoma: Kuna ta Samowa da Maleshiya, ni hankalina yana gidan Yaya Rakiya. Ƙanen naki yana da mata? Da yara? Idan yana da ita, a auna ta gobe, in ba ta ɗauka ba a yi mata rigakafi. A auna Inna, a auna ku duka 'yan ɗaki ɗaya, da ke kanki. Mafi yawan irin wannan daga uwa ake samu wurin haihuwa, ko tun ana yara ta aska ɗaya da reza ɗaya. Jaririn da uwarsa ke da ita, allurar farko cikin awa 24 da haihuwa ita ce ke tsare shi, sannan ya bi sauran allurar rigakafin jarirai da ake kira penta. Wannan babu itacen da zai yi shi. Kuma kada a ware masa kwano, ba a ɗaukarta a cin tuwo tare.

Rakiya: Yana da mata, watansu takwas da aure, kuma ina jin tana da ciki ƙarami. Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Hajiya Mariyama: Ni tsoron da nake ji daban ne. Mun gani a 2020, da shugaban Madagaska Andry Rajoelina ya fito da ruwan tazargade a kwalba ya ce maganin korona ne, ƙasashe suka riƙa aika jirgi suna ɗauka, har nan aka kawo. Tazargade ta yi tsada a kasuwa, kowa yana turare yana sha. Ina maganar take yanzu? Kafin nan Yahya Jammeh, shugaban Gambiya na lokacin, a 2007 ya ce yana warkar da sida da ganyaye, aka sa mutane suka aje maganinsu na asibiti, wasu suka mutu. Na yi jinyar ƙawata da wani mai lasifika a kasuwa ya ce ta daina ƙwayoyinta ta sha nasa wata uku. Ba ta kai wata ukun ba. Shi kuwa ya naɗe tabarmarsa ya koma wata kasuwa.

Malam Sule: Allah ya jiƙanta, Hajiya. Amma don Allah kada a haɗa mu da masu lasifika. Mutumin da kwalba ɗaya tasa ke maganin basir da hanta da sanyi da aljanu ba mai magani ba ne, ɗan kasuwa ne. Mahaifina in aka kawo masa mai shawara, sai ya kwantar da shi ya taɓa cikinsa. In ya ji tauri ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko ciki ya ɗauki ruwa, ko mutum ya yi aman jini, cewa yake wannan ya wuce ni, ku nemi mota. Kuma bai taɓa ba mai ciki maɗaci ba. Ya san wace saiwa ake haƙa da kaka, wace da bazara, ya san ta fadama da ta tudu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wannan ilimi ne, ko ba a rubuta shi da boko ba.

Dokta Hadiza: Ilimi ne, kuma abin da ka faɗa yanzu shi ne ainihin matsalar da masu labo ke fama da ita. Itace ɗaya, wuri daban, lokaci daban, ƙarfi daban. Shi ya sa ake son a ware sinadarin a auna shi. Alamomin da mahaifinka yake dubawa kuwa, su ne na hantar da ta riga ta ƙone. Abin da awo ke ƙara mana shi ne mu gan ta shekaru kafin ta kai can.

Yaya Rakiya, ga abin da zan ce ki faɗa wa Inna. Awon nan ba don a sayar muku da magani ba ne. Yana nuna yawan birus a jini da halin da hanta take ciki. Da yawa ba sa ma bukatar magani nan take, sai dai bibiya. Wanda ke bukata, akwai tenofobir, ƙwaya ɗaya a rana. Ba ya fitar da birus gaba ɗaya, amma yana danne shi ya rage haɗarin ƙonewar hanta da cutar kansa. In an fara ba a yankewa da ka, don birus na iya tasowa da ƙarfi. Kuma duk abin da mutum ya sha, hanta ce ke tace shi. Hantar da ke fama, a ɗora mata jiƙo uku a rana waɗanda ba a san ƙarfinsu ba, ba taimako ba ne. Ganye yana iya karo da ƙwaya ma: an gwada kafson tafarnuwa a mutane, ya rage wani maganin sida, sakinabir, kusan rabi a jini. Ya kiyayi giya, ya kiyayi gyaɗa da masara masu fumfuna, don gubar da ke cikinsu in ta haɗu da epatit B tana ninka haɗarin kansar hanta.

Alhaji Mamman: Na ji bayanin, amma ni har yanzu ina ganin rawaya ta yi mini amfani. Ko ba ta kori cutar ba, ta buɗe mini ciki na ci abinci.

Dokta Hadiza: Wannan ba zan musa maka ba, Baba. Yana iya yiwuwa, kuma abu ne da za a iya aunawa in an samu masu yi.

Ibrahim ɗalibi: Malam Sule, mahaifinka ya bar wani abu a rubuce? A nan Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai akwai malaman kimiyya da ke aiki kan itatuwan ƙasarmu. Abin da ya fi wuya a samu shi ne wanda zai ce wannan sashen, a wannan lokacin, ga wannan alamar.

Malam Sule: Akwai kundi da ajami, yana cikin gafaka. Ba zan ba da shi ba. Amma in ka zo hutu ka iso Ilela, mu zauna in karanta maka abin da ya shafi shawara, da sharaɗin sunansa ya fito a duk abin da za a rubuta.

Rakiya: Jama'a na dawo, kwana goma sha biyu ke nan. Mun haɗa kuɗi ni da yayanmu da ke Abijan aka yi awon. Likita ya ce birus ɗin ba shi da yawa, hoton hanta lafiya, ba za a fara magani yanzu ba, ya dawo bayan wata shida. Matarsa ba ta da ita, an yi mata allurar farko. Ni ma ba ni da ita. Amma an samu Inna da ita, da autarmu. Inna ta yi kuka, tana cewa ita ta ba 'ya'yanta. Kuma har yanzu jiƙon bagaruwar yana nan bayan randa, da asuba take sha, ta ce likita yaro ne.

Zainabu ungozoma: Ki ce mata ba laifinta ba ne, lokacin da ta haife su ba a yin wannan allurar. Ita ma a yi mata hoton ciki, a shekarunta ya fi na ƙanenki gaggawa.

Malam Sule: Rakiya, turo mini lambarta ta gefe. Tsofaffi sun fi jin irinmu. Zan gaya mata da bakina cewa ko mahaifina ba ya ba da bagaruwa a sha kullum, kurkurar baki da wankin gyambo ya fi yi da ita. Ta aje ta har a yi hoton.

Rakiya: Na tura, Malam, Allah ya saka. Ka kira bayan la'asar, wayar tana hannun auta, sai ta dawo daga lakwal.